Kwalta a ƙauyen Indiya: yadda yawan kai ke yanke wa gari hukuncin samun hanya

Labarai biyu ne suka fito daga Delhi, tsakaninsu wata tara, kuma in ba ka jera su wuri ɗaya ba ba za ka ga inda ruɗanin yake ba. Na farko a Satumban 2024, majalisar ministocin Firaminista Narendra Modi ta amince da zango na huɗu na shirin titunan karkara da ake kira PMGSY, za a shimfiɗa titi kilomita 62,500 domin a haɗa unguwanni 25,000 da har yau mota ba ta iya shiga cikinsu da damina, kuɗin aikin rupee (kuɗin Indiya) biliyan 701, sama da dala biliyan 8 kenan, kuma ana son a kammala zuwa 2029. Na biyu a Yunin 2025, gwamnati ta sanar da cewa ƙidayar jama'ar da ya kamata a yi tun 2021 sai 2027 za a yi ta.

To ga inda mutane suka rikice. Wannan sabon zango na titi, da ƙidayar 2011 ake zaɓen waɗanda za su samu. Wato dai unguwar da za a kai wa kwalta a 2027 ko 2028, yawan mutanenta na shekara goma sha shida ko sha bakwai da suka wuce ake dubawa, yaron da aka haifa bayan ƙidayar ya kusa isa zaɓe amma a takarda babu shi. Mai karatu zai ce to meye haɗin ƙidaya da kwalta? A Indiya haɗin kai tsaye ne, don doka ce rubutacciya ta ɗaure su wuri guda, kuma don a gane yadda take aiki za mu ɗauki ƙauye ɗaya, Gehlaur a jihar Bihar, mu riƙa auna maganar da shi.

Wai me ake kira ƙauye a can?

Ƙauyen da muke gani a finafinan Indiya, da rijiya da amalanken shanu da mai gari zaune ƙarƙashin bishiya, a idon gwamnati abu uku ne daban-daban kuma kowanne da littafinsa.

Akwai ƙauye na littafin filaye da haraji, a Bihar da Bengal suna ce masa mauza. Wannan iyaka ce a taswira, da gonaki da dazuka da komai, kuma shi ma'aikatan ƙidaya ke ƙirgawa. A 2011 an samu irinsu kimanin 640,000, amma waɗanda akwai mutane zaune a ciki wajen 597,000 ne, sauran kufai ne ko fili kawai mai suna. Mutum miliyan 833 ne aka ƙirga a karkara cikin biliyan 1.21, kusan kashi 69 cikin ɗari.

Sai na biyu, unguwa, wato curin gidaje da ke zaune wuri ɗaya, a Bihar sunanta tola. Mauza ɗaya zai iya ƙunsar tola biyar ko goma, wata ma kilomita biyu tsakaninta da wata, kuma galibi rabon bisa asali ne, masu gonaki a tsakiya inda makaranta da shaguna suke, 'yan Dalit da ake ɗauka a matsayin mafi ƙasƙancin asali a can gefe bayan gonaki. Na uku kuma panchayat, majalisar da ake zaɓa ta kula da ƙauyuka kaɗan, wadda gyaran kundin tsarin mulki na 73 ya ba ta ƙarfi tun 1993, shugabanta a yawancin jihohi sarpanch, a Bihar mukhiya.

Bayan kowace ƙidaya ana buga littafi na kowace gunduma, a ciki za ka ga layin kowane ƙauye: gidaje nawa, maza nawa mata nawa, masu iya karatu nawa, sannan akwai titin pakka wato mai kwalta ko siminti, ko kuwa kacca ne wato turɓaya, bas na zuwa ko ba ya zuwa, tashar jirgin ƙasa tana cikin gari ko ƙasa da kilomita 5, ko 5 zuwa 10, ko sama da 10. Matsalar wannan layi ita ce na mauza ne gaba ɗaya. Idan kwalta ta taɓa unguwar tsakiya sai a rubuta akwai titi, alhali mai juna biyu a tola ta gefe har yanzu a kan gadon igiya maza huɗu za su ɗauko ta su bi ta kunyoyin shinkafa kafin a kai bakin titin. Shi ya sa shirin PMGSY ya bar mauza ya kama unguwa a matsayin abin awo, kuma wannan na cikin abubuwan da ya yi daidai.

Dutsen Gehlaur

Gehlaur na gundumar Gaya ne a kudancin Bihar, Gaya ta Indiya fa, kusa da Bodh Gaya inda mabiya addinin Buddha ke zuwa ziyara. Birnin Gaya kansa ba shi da matsalar sufuri, babban layin dogo daga Delhi zuwa Kalkata ta nan ya ratsa, akwai filin jirgin sama. Amma Gehlaur da ke nesa da shi kamar kilomita 30, wani dogon tsauni ne ya tokare shi, asibiti da kasuwa da tashar jirgin ƙasa duk suna Wazirganj a ɗaya ɓangaren tsaunin, ko dai ka hau duwatsu da ƙafa ko ka yi zagaye mai nisa.

Wani lebura ɗan garin mai suna Dashrath Manjhi, ɗan ƙabilar Musahar waɗanda ke cikin mafi talaucin 'yan Dalit kuma yawancinsu ba su da ko taƙin gona, matarsa Falguni Devi ta rasu a 1959, labarin da aka fi bayarwa shi ne ta ji rauni a kan tsaunin ba a iya kai ta wajen likita da wuri ba. Daga 1960 sai ya ɗauki guduma da cizal ya fara sassaƙa dutsen shi kaɗai, da rana ya yi ƙwadago a gonakin mutane ya samu na abinci sannan ya koma bakin dutse, mutanen gari suna ce masa mahaukaci, haka ya yi ta yi har 1982. Shekara 22. Abin da ya fasa tsawonsa mita 110, faɗinsa kamar mita 9, zurfinsa ya haura mita 7, kuma alƙaluman da aka fi ambata sun ce ya rage tafiya tsakanin yankin Atri da Wazirganj daga kilomita 55 zuwa 15.

Abin lura a nan shi ne abin da ya biyo baya. An fasa dutse a 1982 amma hanyar ta ci gaba da zama ta ƙafa da keke shekara da shekaru, don fasa dutse aikin mutum ɗaya ne, shimfiɗa kwalta kuwa sai da fayil da kasafi da sa hannun ma'aikatu. Manjhi ya rasu a asibitin AIIMS na Delhi ranar 17 ga Agustan 2007, gwamnatin Bihar ƙarƙashin Nitish Kumar ta yi masa jana'izar girmamawa, kwaltar kuma sai bayan rasuwarsa aka zuba. Yau babura da a-daidaita-sahu da motocin masu yawon buɗe ido suna bi ta cikin tsagin. Gehlaur ya samu titi saboda sunan mutum ɗaya ya cika ƙasa har 'yan siyasa suka ji kunya, to sauran dubban tola da ba su da Manjhi fa? Su ƙa'idar lamba ce ke musu hukunci.

Ƙa'idar 500, 250 da 100

A tsarin mulkin Indiya titin karkara haƙƙin jihohi ne, kuma har zuwa shekarar 2000 kimanin unguwanni 330,000 cikin 825,000 ba su da hanyar da mota za ta bi rani da damina. Ranar 25 ga Disambar 2000 gwamnatin Atal Bihari Vajpayee ta ƙaddamar da PMGSY, tarayya ta ɗauki kuɗin duka, ana cirowa daga wani haraji da aka ɗora a kan man dizal. Don kada kowane ɗan majalisa ya ja titi zuwa garin surukansa sai aka sa ƙa'ida: a fara da unguwanni masu mutum 1,000 zuwa sama, sannan masu 500, a jihohin tsaunuka da hamada da yankunan ƙabilun daji kuma a sauko zuwa 250. Daga baya aka sauko har 100 a wuraren da 'yan tawayen Naxal masu aƙidar Mao ke da ƙarfi, don gwamnati ta ga cewa inda babu titi nan ne jami'an tsaro ba sa iya shiga. Gundumar Gaya ta daɗe cikin jerin irin waɗannan wurare.

Akwai wasu ƙananan sharuɗɗa da su ne ke yanke hukunci a zahiri. Ba a lissafa unguwa a matsayin marar hanya sai in tsakaninta da titi mai kyau ya kai mita 500, a tsauni kuma kilomita ɗaya da rabi. Ana iya haɗa kan unguwannin da ke cikin wannan tazarar a ƙirga su tare don su cika lamba. Hanya ɗaya tak ake ba kowace unguwa, ba biyu ba, ko da kasuwa tana gabas asibiti yana yamma. Faɗin kwaltar yawanci mita 3.75 ne, mota ɗaya, in kun haɗu da tarakta wani ya sauka gefe. Ɗan kwangilar da ya yi titin shi zai ci gaba da gyaransa shekara biyar. Sannan shirin ba ya biyan diyyar fili, jiha ce za ta samar, abin da a aikace ke nufin ana roƙon manoma su ba da gefen gonarsu kyauta, kuma ƙaramin manomi mai rabin eka shi ya fi jin zafin wannan kyautar.

Asalin buri shi ne a gama da masu 1,000 a 2003, masu 500 a 2007. Ba a cimma ba, an ɗauki kusan shekara ashirin. A 2013 aka zo da zango na biyu na faɗaɗa tsofaffin tituna, a 2019 zango na uku na kilomita 125,000 masu kaiwa kasuwannin amfanin gona da sakandare da asibitoci. Tun 2015 kuma tarayya ta daina biya duka, yanzu ita 60 jiha 40, jihohin tsaunin Himalaya da arewa maso gabas 90 da 10. Jimilla an shimfiɗa sama da kilomita 750,000, an haɗa unguwanni sama da 160,000, kuma ko masu sukar gwamnati ba sa musun girman wannan aiki.

Lissafin da ya tsufa

Zangon farko da ƙidayar 2001 ya yi aiki, kuma an riƙe wannan jeri fiye da shekara ashirin. Unguwar da aka ƙirga mutum 480 a 2001, ko da ta kai 900 daga baya, tana wajen layi. Zango na huɗu ya zo ne ya kwashi irin waɗannan ta hanyar komawa ƙidayar 2011, wato ci gaba ne, sai dai ita ma 2011 ɗin ta riga ta tsufa tun kafin a fara.

Bihar ta nuna girman giɓin. A 2011 mutanenta miliyan 104 ne, kusan kashi 89 cikin ɗari a karkara, sama da mutum 1,100 a kowace murabba'in kilomita. Da gwamnatin jihar ta yi nata binciken na asali da ƙabila ta fitar da sakamako a Oktoban 2023, sai ga miliyan 130 da ɗoriya. Ƙarin mutum miliyan 26 kenan, kuma da yawansu a tola suke zaune. Duk tolar da ke da mutum 420 ko 450 a 2011 da wuya ba ta haura 500 ba yanzu.

A tsaunukan Uttarakhand kuma labarin a juye yake. Gundumomin Almora da Pauri Garhwal raguwa suka yi tsakanin 2001 da 2011, kuma hukumar da jihar ta kafa kan ƙaura ta ba da rahoto a 2018 cewa ƙauyuka 734 sun zama kufai bayan ƙidayar 2011. A can za ka samu unguwar da takarda ta ce 260 ce, ta cancanci titi, a je a tarar da tsofaffi talatin da gidajen dutse a kulle da kwaɗo, matasa duk suna Dehradun da Delhi. Mutane sun tafi saboda babu hanya, tafiyarsu kuma ta rage lambar da za ta kawo hanyar, gaba kura baya sayaki. Tsohuwar ƙidaya tana taimakon irin wannan ƙauye ta cuci na Bihar, sabuwa kuma za ta yi akasin haka.

Indiya tana ƙidaya duk shekara goma tun 1881, yaƙin duniya ma bai hana ba, wannan ne karon farko da aka tsallake. Gwamnati ta ce annobar korona ce ta jawo. 'Yan adawa na Congress da wasu jam'iyyun jihohi suka ce da walakin goro a miya, tunda an yi zaɓuka da manyan taruka bayan korona, kuma ƙidayar tana da alaƙa da sake rabon kujerun majalisa da aka daskarar bisa alƙaluman 1971, da batun ƙirga mutane bisa asalinsu wanda yanzu gwamnati ta yarda za a yi. Ranar da aka tsayar ita ce 1 ga Maris 2027, yankunan ƙanƙara irin su Ladakh kuma 1 ga Oktoban 2026, kuma da manhajar waya za a yi ta. Ba titi kaɗai tsohon lissafin ya shafa ba, rabon hatsin gwamnati ma da shi ake yi, masana tattalin arziki Jean Drèze da Reetika Khera sun ƙiyasta tun 2020 cewa sama da mutum miliyan 100 ne suka faɗi waje saboda haka.

Me kwalta take kawowa, me ba ta kawowa

Ita wannan ƙa'idar lamba ta ba masu bincike wata dama, don ƙauye mai mutum 495 da mai 505 kusan komai nasu ɗaya ne in ban da titi. Sam Asher da Paul Novosad sun bi wannan hanya suka kwatanta dubban ƙauyuka, suka buga sakamakon a 2020, kuma abin da suka gani bai yi wa kowane ɓangare daɗi sosai ba. Shekara huɗu bayan zuwan titi, kason ma'aikatan da ke aikin gona ya ragu da kamar maki 9 cikin ɗari, masu aikin lada a wajen gona suka ƙaru daidai haka, kuma yawancinsu maza ne daga gidajen da ba su da fili. Amma amfanin gona da kuɗin shiga da kadarorin gidaje ba su motsa wani abin a zo a gani ba. A taƙaice titin bai kawo masana'anta ƙauye ba, ya dai buɗe wa lebura ƙofar fita ya je gari ya yi aikin gini ya dawo da yamma. Ga ɗan Musahar da kakanninsa suka ƙare rayuwa a gonar mai fili ɗaya, wanda shi ke yanke lada shi ke ba da bashi, samun wani wajen da zai sayar da ƙarfinsa ba ƙaramin abu ba ne ko da alƙaluman arziki ba su nuna ba.

Kan karatu bincike ya rabu biyu. Shilpa Aggarwal a 2018 ta ga kayan gari sun yi araha a shagunan ƙauye, manoma sun ƙara amfani da takin zamani da ingantaccen iri, ƙananan yara sun ƙaru a makaranta, sai dai wasu samari sun bar aji sun tafi neman kuɗi tunda hanya ta buɗe. Anjali Adukia tare da Asher da Novosad kuma sun ga yara sun fi daɗewa a ƙaramar sakandare bayan zuwan titi. Dukkansu na iya zama gaskiya a wurare daban, ya danganta da irin aikin da ke garin da titin ya kai ka, in na mai takardar shaida ne yaro zai zauna a aji, in na ɗaukar bulo ne zai fita.

Akwai kuma illar da ba a cika sa ta a jawabin buɗe titi ba. A 2022 mutum sama da 168,000 ne suka mutu a haɗuran hanya a Indiya, kusan biyu cikin uku a yankunan karkara, kuma masu babur ne a gaba.

Titi daban, mota daban

Littafin ƙidaya yana da layi ɗaya na titi da wani layin na bas saboda dalili. PMGSY kwalta take zubawa, ba ta sayen mota. A jihohin kudu irin su Tamil Nadu da Karnataka da Kerala kamfanonin bas na gwamnati suna shiga lungu-lungu, har wasu jihohi suka mayar da bas kyauta ga mata, Tamil Nadu a 2021, Karnataka a 2023. A Bihar kamfanin bas na jiha ya daɗe da raunana, abin da ke ɗaukar mutanen ƙauye shi ne a-daidaita-sahu na haɗaka da suke ce wa tempo, da ƙananan kekuna masu batir, da babur. Wannan ɓangaren ba baƙo ba ne a wajenmu, don Keke Napep da Boxer da ke cika titunan Kano da Maradi daga kamfanonin Bajaj da TVS na can ake kawo su. Direban tempo ba ya tashi sai ya cika, na mutum shida a cusa sha biyu wasu a rataye a baya, da magariba kuma ya ajiye, to haihuwa da saran maciji ba sa jiran gari ya waye. Akwai motar asibiti ta kyauta da ake kira a waya, amma ita ma inda kwalta ta tsaya nan take tsayawa.

Gwamnatoci sun gwada cike giɓin. A 2017 tarayya ta fara ba ƙungiyoyin adashin mata bashi marar ruwa su sayi motar haya, Bihar kuma a 2018 ta fara tallafa wa matasan Dalit da sauran marasa galihu su sayi abin hawa a kowace panchayat. Amma wanda ya fi barin tarihi shi ne mafi araha: a 2006 gwamnatin Nitish Kumar ta fara ba 'yan matan da suka shiga aji 9 kuɗin sayen keke. Karthik Muralidharan da Nishith Prakash sun auna suka ga shigar 'yan mata sakandare a shekarun da ya dace ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari, tazararsu da maza ta ragu da kashi 40, kuma tasirin ya fi yawa a ƙauyukan da makaranta ke da ɗan nisa, ba kusa sosai ba ba kuma nesa ƙwarai ba. Keke ba ya tafiya a taɓo, don haka kwaltar da keken ne suka haɗu suka yi aikin.

Masu kare ƙa'idar da masu sukarta

Masu kare ta suna da hujja mai ƙarfi. Kuɗi ba ya isa kowa lokaci ɗaya, kilomita ɗaya da za ta amfani mutum 800 ta fi wadda za ta amfani 80, kuma lamba ba ta san ɗan wane ba. Kowane titi yana cikin rajista a intanet da sunan ɗan kwangila da kuɗin da aka biya, ana duba inganci hawa uku, na aiki da na jiha da na tarayya, akwai ma manhajar Meri Sadak da ɗan ƙauye zai ɗauki hoton rami ya tura.

Masu suka kuma suna cewa waɗanda suka fi buƙatar titi su ne ƙa'idar ke zubarwa, don mafi talauci su ne ke zaune a ƙananan unguwanni a warwatse, 'yan Dalit a gefen gari da ƙabilun daji a kan tsauni. Gwamnati da kanta ta amsa wannan a aikace, tunda Bihar ta buɗe nata shirin na unguwanni masu 250 zuwa 499, sannan wani na tola masu 100 zuwa 249, tarayya ma a Nuwamban 2023 ta ware kilomita 8,000 don ƙabilun da suka fi rauni. Suka na biyu shi ne siyasa ba ta fita ba, wajen zama ta canza. Jonathan Lehne da abokan aikinsa sun duba mazaɓun da aka ci zaɓe da ƙyar, suka ga bayan zaɓe 'yan kwangila masu sunan dangi iri ɗaya da ɗan majalisar da ya ci sun ƙaru daga kamar kashi 4 zuwa 7 cikin ɗari, kuma a irin waɗannan kwangiloli an fi samun titin da takarda ta ce an gama an biya, ƙidayar 2011 kuma ta ce ƙauyen ba shi da titi.

Na uku gyara. Shekara biyar ɗin ɗan kwangila na ƙarewa nauyi ya koma kan jiha, jihohi matalauta kuma su ne masu tituna mafi yawa da aljihu mafi ƙanƙanta, ga kashi 40 na sabon aiki yana jiransu. A arewacin Bihar kogin Kosi da 'yan uwansa suna cinye titi kusan duk damina. Tsakanin Yuni da Yulin 2024 gadoji fiye da goma suka rufta a jihar cikin 'yan makonni har aka dakatar da injiniyoyi, ba duka ne na wannan shiri ba, wasu tsofaffi ne wasu ba a ma gama su ba, amma ga mai tempo duk ɗaya ne, gada ɗaya in ta faɗi kilomita goma na kwalta mai kyau sun tashi a banza.

Ina talaka ya tsaya?

Unguwar da ta haura layi a 2011 amma ba ta kai ba a 2001, ita ce mai cin moriyar wannan zango, kuma abin da za ta fara gani shi ne tempo da motar asibiti da malamin makaranta da ya rage fashi da damina, filin bakin titi ya yi tsada, samari su fara kwana a gida suna aiki a gari. Arzikin noma kuwa sai an haɗa da ruwa da wuta da kasuwa.

Unguwar da ta cika lamba bayan 2011 ba ta cikin wannan rabo a ƙa'idar da aka amince da ita, sai dai ta nemi a haɗa ta da maƙwabciyarta in suna cikin mita 500, ko ta bi ta shirin jiha in jiharta na da shi kuma tana da kuɗi. A nan mukhiya mai ƙafa a ofishin gunduma ya fi komai amfani, kuma tolar Musahar ba kasafai mukhiya ke fitowa daga cikinta ba, duk da cewa ƙabilar ta fitar da Jitan Ram Manjhi, ɗan gundumar Gaya, wanda ya yi babban ministan Bihar daga 2014 zuwa 2015 kuma ya zama minista a tarayya a 2024.

Waɗanda ba su kai 100 ba kuwa babu jerin da ke ɗauke da sunansu. Abin da ya rage musu shi ne katin zaɓe, shi ya sa duk lokacin zaɓe a Bihar da Uttar Pradesh da Madhya Pradesh za ka ga ƙyalle rataye a mashigar ƙauye an rubuta "road nahi to vote nahi", ba titi ba ƙuri'a, mutane su ƙi fitowa rumfar zaɓe har sai jami'in gunduma ya tako da ƙafarsa cikin taɓon ya yi musu alkawari, wani lokacin ma su ce sai a rubuce.